Abin da buhun PICS ya koya mana game da haɗin gwiwar jami'a da masana'anta

A zaman da muka yi da wasu malaman jami'a da 'yan kasuwar wake, buhun PICS, wato buhun adana wake mai hana iska shiga, aka fi kafa misali da shi. Masu binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na Kamaru, aka soma yaɗa shi a 2007, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya shiga ƙera shi. Leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje; da zarar an ɗaure bakinsa tamau, ƙwarin wake sai su rasa iska su mutu, babu ko ɗigon magani.

Shawarar da aka fi nanatawa, kuma ni ma ita ta fi zauna mini, ita ce a jawo mai masana'anta tun bincike yana ɗanye. Shi ya san kuɗin leda, ya san abin da manomi zai iya saya. A rubuta yarjejeniya kan mallakar fasahar tun kafin riba ta shigo.

Wani dattijo ya ƙara da cewa a kai abin kasuwar ƙauye, a kwance buhun a gaban jama'a bayan wata huɗu ko shida, kowa ya ɗebi waken ya duba da idonsa.