Garmani yana neman cinye filin da muka shuka haki, ku ba mu shawara

Ɗan Madarunfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da damina. Dan Allah masu sanin harkar daji ku taimaka mana. A garinmu nan kusa da dajin Baban Rafi akwai wani fili ekta 4 da ya mutu ya koma faƙo, sai matasan gari muka roƙi maigari ya ba mu shi mu raya, bara muka gina rabin wata, wato ramukan tara ruwan sama masu siffar rabin wata, muka watsa irin kyasuwa da burburwa muka dasa gamba a bakin ramukan. Ba kiwo kaɗai muke nufi ba, so muke zabin daji da fakara da zomo su dawo yadda iyayenmu ke faɗi, don ni da idona rabona da ganin zabin daji a wajen nan tun ina firamare.

To bara abin ya yi kyau wallahi, kyasuwa ta kai ƙugu, har na tayar da fakara biyu a ciki wata safiya, na tsaya ina kallonsu har suka ɓace. Bana kuma ruwan farko na sauka sai garmani ya fito kamar an shuka shi da hannu, ganyen nan nashi mai laushi mai gashi-gashi ya rufe ƙasa, kyasuwar da ta tsiro a ƙarƙashi ta yi rawaya siririya kamar zare. Mun sa hauya mun share wani ɓangare, sati biyu ya toho ya fi da. Yanzu wasu na cewa mu sayo maganin feshi irin wanda ake shigowa da shi ta Ɗan Isa mu huta, wasu na cewa a bari rani a sa wuta. Ni raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Mi ya kamata mu yi?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi ma aikinku albarka. Tun kan na ce komi, hauyar nan ita ta ɓata muku lokaci. Hauya aske kai take yi, shi kuma garmani saiwa gare shi doguwa mai ƙarfi da ke nutsawa ƙasa, in ka sare sama ka bar gindi reshe uku huɗu zai fito inda da ɗaya ne. Tuge shi ake yi da hannu, kuma washegarin ruwa lokacin da ƙasa ta jiƙa, sai ka kama shi can gindi ka ja a hankali ka ga saiwar ta fito fara duka. In ƙasa ta bushe kada ma ku wahalar da kanku, tsinkewa zai yi.

Amma babban abin shi ne lokaci. Ku tuge shi KAFIN ya yi furen nan rawaya. Da ya yi fure ya ɗaure 'ya'ya to aikin baɗi ne ya shuka muku, kuma irin nashi na kwanciya cikin ƙasa ya yi shekaru yana jira, shi ya sa abin da kuka gani bana ba daga sama ya faɗo ba, tsohon iri ne da ke nan tun lokacin da bisashe ke kwana a filin, ku kuma da kuka tona ƙasa kuka tara ruwa a rabin wata kuka tashe shi. Wannan ba laifinku ba ne, ko'ina haka ake gani shekara ta biyu. Wanda kuka tuge mai ɗanyen ganye ba fure ku shimfiɗa shi kan faƙon ya ruɓe, gara ta ci ta buɗe ƙasa. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya kada ku ja shi a ƙasa, ku loda a amalanke ku fitar waje ku ƙone wuri guda.

Sannan duk inda kuka tuge kada a bar wurin tsirara ko kwana uku. Garmani ƙasar da ba kowa yake so, duba burtali da bakin rijiya inda kofato ya cinye komi, can ya fi yawa. Ku cike gurbin nan take. Kyasuwa na da saurin tashi da inuwa, in ta riga shi tsawo ta gama da shi. Wasu wurare a nan ƙasarmu yakuwa ake shukawa da yawa a kan garmani, dangi ɗaya ne su da rama da kuɓewa, ganyenta faɗi gare shi tana tare mishi rana, mata kuma su samu abin miya da na sayarwa. Amma ni yakuwa shekara ɗaya ko biyu nake ba da shawara, tunda ku daji kuke so ba gona ba.

Gambar kuma ku yi haƙuri da ita. Shekarar farko kamar ba ta yin komi, ƙasa take aiki. In ta kama shekara ta uku gindi ɗaya sai ya cika hannu biyu, ba ta mutuwa da rani, ruwan farko ta riga kowa kore, a nan ne zabuwa ke son ɓoye ƙwanta. Yanzu cikin Yuli in kuna da tsofaffin gindi a iyakar gonaki ku tsaga su ku ƙara dasawa da yamma bayan ruwa, ya fi iri saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Manomi daga Gidan Runji:
Baba ya faɗi gaskiya amma fa ekta 4 da hannu ba wasa ba ne, ga noman hatsi kowa na gonarshi. Ni ina ganin in an samu maganin feshi 2,4-D ai mai faɗin ganye yake kashewa ya bar ciyawa, mu muna sa shi a dawa. Wanda ba a so shi ne glyphosate, shi kam ba ya barin komi kore, gamba da kyasuwa duk tafiya za su yi. Ko a yi feshi sau ɗaya dai a rage ƙarfinshi sannan a bi da hannu?

Malama mai karatun noma:
Yaya na Gidan Runji, abin da ka ce kan bambancin magungunan nan biyu haka yake, amma ka tuna abin da suke nema a filin. 2,4-D bai san garmani daban gadagi daban ba, duk mai faɗin ganye ɗaya ne a wurinshi. Gadagi da sauran 'yan dangin wake su ne ke gyara ƙasa su ne kuma bisashe suka fi so, ga 'yan tohon sabara da kalgo da geza da ke fitowa daga tsohon kututture, irin waɗanda sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona a rene shi, ya koya mana tattalinsu tun da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostiraliya, ya fara aikin nan a Maradi a 1983. Feshi ɗaya ya murɗe su duka. Kuma 'yan tsakin zabuwa da fakara kwanakin farko ƙwari suke ci, fara ƙanana da tsutsa da gara, su kuma ƙwarin a kan waɗannan ganyayyakin suke. Ga iska, in ta kwashi maganin ta kai gonar wake ko gyaɗa ta maƙwabta rigima ce sabuwa. In dole sai an sa to a wurin da garmani ne zalla ba komi ƙarƙashi, da sassafe ba iska, mai feshi ya rufe jiki da hanci, kuma a karanta takardar jikin kwalba. Ni dai da filina ne ba zan sa ba.

Wutar kuma dan Allah a cire ta a lissafi. Busasshen hakin da ya kwanta shi ne rigar ƙasa da rani, shi ke riƙe irin kyasuwa da burburwa kada iska ta kwashe, cikinshi bushiya da damo suke fakewa. Ka ƙone, irin garmani da ke binne yana nan lafiya lau, ruwa na sauka ya samu fili fayau. Ku ma share hanya mai faɗi kewaye da filin bayan kaka don kada gobarar wani ta shigo muku.

Abu guda da ba a faɗa ba, yanzu lokacin ƙwai ne. In za ku shiga tuga kada ku shiga ku talatin a jere da ihu da karnuka, ku raba filin kashi-kashi, yau nan jibi can, wanda ya ga sheƙa a gindin gamba ya kafa kara nesa kaɗan don a sani, a bar mata garmanin da ke kewaye sai ta ƙyanƙyashe. Yara kuma a ja musu kunne kan ɗaukar ƙwai.

Makiyayi daga Dakoro:
Salamu alaikum. Ni makiyayi ne kuma garmani mu ya fi cuta, saniya ta shiga wuri kore shar ta fito da yunwa. Ina roƙonku abu ɗaya, kada ku killace filin ku yi shiru sai mun zo da kaka a yi ta faɗa. Ku je wurin ardo ku da maigari tun yanzu ku faɗa mishi damina biyu kuke so ba kofato a ciki, ku nuna iyaka, ku bar hanyar ruwa a buɗe. In an ce mana bayan iri ya zuba za a yanki haki a sayar mana ko a bari a shiga ɗan lokaci, wallahi mu da kanmu za mu tsare. Kuma ku sani irin garmani na bin kashin bisashe da gashinsu, in kun zuba takin da anka kwaso daga inda garmani yake to kun shuka shi da kanku.

Mu nan muna kusa da Gadabeji, dajin nan ekta 76,000 ne an keɓe shi tun 1955, a 2018 anka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure ta wajen Yamai. Wanda ya taɓa shiga bayan damina ya ga barewa na gudu cikin haki ya san abin da kuke nema ba mafarki ba ne. Ekta 4 barewa ba ta zama, amma zabi da zomo in sun samu mafaka da kwanciyar hankali suna zuwa.

Ɗan Madarunfa:
Na gode ƙwarai Baba, Malama, da ku duka, Allah ya saka da alheri. Maganar takin nan ta taɓa ni, don bara amalanke shida muka kwaso daga bakin burtali muka zuba a ramukan, kuma yanzu da na tuna nan ne garmanin ya fi kauri. Jiya da dare an yi ruwa mai kyau, da safe na je ni da ƙanena muka gwada tugewa, cikin awa guda mun gama rabin wata tara kuma saiwa na fitowa duka kamar yadda Baba ya ce, ƙarƙashi ashe akwai gadagi da yawa ban ma lura ba. Na karanta ma sauran abin da kuka rubuto, mun aje maganar feshi, Juma'a bayan masallaci za mu wurin maigari kan zancen ardo, mata kuma sun ce suna da irin yakuwa.

Saura irin kyasuwa, namu ya ƙare kaf. Baba in mun jira Oktoba muka tara sabo, a buhu za mu aje shi har ruwa ko a watsa tun da rani a rufe da kara?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Ku tara in kan ya bushe yana zuba da an taɓa, ku shanya a inuwa ku aje a buhu sama da ƙasa inda ɓera da gara ba su kai. Wajen ƙarshen Mayu ku cuɗa shi da yashi ku watsa cikin ramukan ku ja ƙaya a kai sama-sama, kada a binne shi da zurfi. In kun watsa tun Nuwamba tururuwa da iska za su raba shi. Na bana kuma ku duba bakin gonaki inda kyasuwa ta fito da yawa, masu gona cire ta suke yi su yar, ku roƙa ku ciro da ƙasarta ku dasa a gurbin garmanin tun tana ƙarama.