Rashin takardar gona ya tsayar mana da neman shaidar RSPO

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta ƙananan manoman kwakwar manja a yankin Kade, Gana, ta fara neman shaidar RSPO (ƙungiyar duniya mai tantance noman kwakwar manja mai ɗorewa) bisa ƙa'idar manoma masu zaman kansu ta 2019. Babu wanda gonarsa ta kai hekta 50, iyakar da ƙa'idar ta sanya wa ƙaramin manomi, mun kuma auna iyakoki da GPS. Amma tun matakin farko, wato na cancanta, muka cije, saboda hujjar haƙƙin noma ƙasar. Yawancinmu noman da ake kira abunu a Gana muke yi, wato a raba biyu da mai ƙasa, yarjejeniyar kuma ta baka ce. Mun karɓo wasiƙar sarkin gari, sai ga sunan mai ƙasa a ciki maimakon na manomi. Masu ƙasar kuwa sun ƙi sa hannu, suna tsoron a ce sayarwa suka yi. Don Allah, wace takarda masu tantancewa ke karɓa daga manomin abunu?