Ƙullutun allurar Profhilo sun ƙi bajewa

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin fata ku taimaka mini, daga Katsina nake. Duk hunturu fuskata takan bushe ta yi furu-furu, man kaɗe da basilin ba sa riƙe ta ko zuwa azahar. Ba cika kumatu nake nema ba, laushin fata kawai, shi ya sa na ƙi filla (allurar cika fuska) aka yi mini Profhilo, wato sinadarin hyaluronic mai riƙe danshi a fata da ake tsirawa wuri 5 a kowane gefen fuska.

An ce ƙullutun da allurar ke bari za su baje cikin kwana ɗaya ko biyu. Sauran sun baje, amma biyu a kumatun hagu sun ƙi, ga shi an haura mako. Suna da tauri kamar ƙwayar wake, ɗaya ya yi ja, yana zafi in na shafa wajen alwala. Babu zazzaɓi. Na ɗora ƙanƙara a tsumma, na sha farasitamol, na daina dilka. Wadda ta yi allurar kullum cewa take in yi haƙuri, kuma abin ya ishe ni.

Ana yin allura ta biyu bayan mako 4. Shin wannan alamar ƙwayar cuta ce da sai likita ya duba kafin a ƙara tsira mini wata?