Abin da na tsinta a hirar masu gyara kan tsohuwar kwamfuta

Ranar Asabar na zauna a wani shagon gyara a Sakkwato, hira ta faɗo kan kwamfutar da ta yi nauyi, mai ita kuma ba ya son a goge masa komai.

Maigidan shagon ya ce a fara da ƙura. A garinmu da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, na'ura da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A buɗe ta a share, a sabunta man rage zafi da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan ce shawarar da ta fi burge ni, don kusan kyauta ce, kuma mutane ba sa kawo ta a rai.

Wani matashi ya ce a danna Ctrl, Shift da Esc tare, a shiga Task Manager, wurin da ke nuna manhajojin da ke aiki, a kashe manhajojin da ke tashi da zarar an kunna. A kuma cire wanda ba a amfani da shi. Manhajar kashe bairos biyu a kwamfuta ɗaya, in ji shi, kishiyoyi ne. Windows Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows, ya isa.

An yi gardama kan kuɗi. Wasu suka ce a ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga 4GB zuwa 8GB, amma mafi yawa suka tsaya kan sauya tsohon hard disk, wato faifan ajiyar bayanai, da SSD, irinsa mai sauri, a kwafe komai dungurungum zuwa sabon, ba sai an sake ɗora Windows ba. Kafin a taɓa komai dai, Malam, ka adana takardunka a filashi.