Musayar Waƙa: Stephen Keshi, Daga Kyaftin Zuwa Koci

Malam Na-Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Wannan makon Keshi ne a faifai. Ƙwar biyu za mu yi, kowa ya riƙe amsa-amonsa. Mai yabo ya zo da hujja, mai suka ma haka.

Da sunan Allah za ni ɗaura baitina,
Salati ga Manzo shi ne mabuɗin farawa.

Stephen Keshi, asalinsa Illah ta jihar Delta,
1962 ita ce shekarar haihuwa.

ACB ta Legas ta fara ba shi riga,
A New Nigeria Bank ta Benin ya yi bunƙasawa.

Kofin WAFU na Yammacin Afirka sau biyu, 1983 da 1984,
Yana tsakiyar baya, shi ke tsawatarwa.

Ya makara shiga sansani, hukuma ta dakatar,
Sai Abidjan, can ƙafarsa ta sami sakewa.

Lokeren a 1986, Anderlecht na biye,
Shekara huɗu a can yana ta gogewa.

Strasbourg ta Faransa ta karɓe shi a 1991,
Ƙofar da ya buɗe ƙanne suka yi ta kwararowa.

Wasa 64 ya yi wa ƙasa, ƙwallo 9,
Ɗan baya ne, ku lura, ba aikinsa ba ne zurawa.

Tunis, 1994, wasan ƙarshen Kofin Afirka, Zambiya ta sha biyu da ɗaya,
Amuneke ya ci duka, kyaftin ya yi ɗagawa.

To ga tambaya gare ku, masana tamaula:
Iya kyaftin shi ke sa a iya horarwa?

Ɗan Baya na Tudun Wada:

Malam, na karɓa, Allah ya ƙara sani,
Gurbin da ya buga shi ne makarantar koci.

Ɗan baya na tsakiya, fili duka na gabansa,
Yana hango ɓaraka tun da sauran lokaci.

Mutum huɗu a layi, tsakani kamar taku goma,
Ɗaya ya noƙe, tarkon satar fage ya ɓaci.

In ba a matse mai ƙwallo ba, layi ya ja baya,
In an matse shi a turo gaba, jinkiri ganganci.

Ɗaya ya fita tarar ɗan gaba, ɗaya ya rufa masa,
Su fita su biyu tare, wannan shi ne sakaci.

Mai faɗin "fito" da "koma" minti casa'in,
Tun yana cikin riga yake koyon shugabanci.

Sai dai kyaftin ba ya zaɓen sha ɗaya,
Ba shi ke ce wa tauraro ya zauna a benci.

Wannan sai an koya: lasisin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, C, B, sannan A,
Da zama ƙarƙashin wani a ga yadda ake hukunci.

Keshi ya yi wa Shu'aibu Amodu mataimaki,
Kofin Afirka na Mali 2002 suka zo na uku, sallama ta biyo da takaici.

Su suka ciwo tikitin Kofin Duniya na Koriya da Japan,
Onigbinde ya ja tawagar, su ko ba ko tukuici.

Hajiya Mai Rediyo:

Ƙanena, ka tsaya a Mali, ni Lome za ni,
Can aka gane hannunsa da gaskiya.

A 2004 ya karɓi Togo, ƙasa 'yar mitsitsiya,
Ga Senegal, Mali, Kongo, Laberiya da Zambiya.

Senegal da ta kai zagayen 'yan takwas a 2002,
Togo ta sha gabanta, sai Kofin Duniya.

Dabarar a fili take: a toshe baya tam,
A nemi Adebayor can gaba, a buɗe masa hanya.

Ya fi kowa ci a share fagen Afirka,
To nan haɗarin yake, tsayuwa kan ƙafa ɗaya.

Kofin Afirka a Masar, Janairun 2006, ya saɓa da tauraron,
Wasa uku, kashi uku, aka dawo da kunya.

Kafin a je Jamus an kawo Otto Pfister,
Keshi ya yi noman, wani ya ci moriya.

In tsarinka duka a kan mutum guda ya rataya,
Ku sasanta a ɗaki, kar jarida ta jiya.

Sarkin Musu:

Hajiya, a gafarce ni, yabon ya yi yawa,
Har yanzu ba a taɓo Kofin Afirka na Angola a 2010 ba.

Ya horar da Mali, ga Kanoute, Seydou Keita, Mahamadou Diarra,
Da waɗannan a hannu bai wuce rukuni ba.

A Luanda an ɗura musu huɗu rigis,
Har minti na 78 ba su farke ko guda ba.

Suka rama huɗun, duniya ta yi ta tafi,
Ni ban ga abin tafi ga tsohon ɗan baya ba.

Biyu da ka daga Flavio, biyu fenariti,
Ba a tare mai aikowa ba, ba a bi mai tsalle ba.

Aljeriya ma da ka ta ci, daga bugun tazara,
Maki huɗu-huɗu, wannan ɗayar ba ta bar Mali ba.

Malam Na-Fagge:

Ɗan'uwa, ka faɗi gaskiya, ban musa maka,
Yanzu zo mu ga inda ya nuna aikinsa.

Nuwamban 2011 aka ba shi Super Eagles,
Bayan tikitin Kofin Afirka na 2012 koci Siasia ya kasa.

Matakin farko, ya tara 'yan lig ɗin gida a Abuja,
Makonni ana atisaye a kan idonsa.

Ɗan Turai kwana uku ko huɗu kake samu,
Na gida kuwa za ka san ƙarfi da rauninsa.

Kofin Afirka na 2013, shida cikin 23 daga gida ya ɗebo,
Har Reuben Gabriel na Pillars yana jerinsa.

Odemwingie da Martins ya bar su, aka yi ca,
Jarida da rediyo kowa ya hau kansa.

Wasan farko da Burkina, jan kati ga Ambrose,
Aka farke dab da tashi, nasara ta yi nesa.

Zambiya ɗaya da ɗaya, Habasha fenariti biyu,
Moses ya buga duka, can ƙarshen wasa.

Ya yi abin da kyaftin ba shi da ikon yi:
Yobo a benci, Omeruo ɗan 19 a gurbinsa.

Oboabona na gefensa, Enyeama na bayansu,
Matasa masu gudu, layi ya daina ja ƙasa.

Onazi ya shigo tsakiya, ƙwace da miƙawa,
Mikel ya sami sararin ɗaga kansa.

Kwaddebuwa ta zo da Drogba da Yaya Toure,
Ba a bar Yaya ya juya ba, ana bin sawunsa.

Emenike ya narka bugun tazara, Tiote ya farke,
Minti na 78 Mba ya jawo ta tun daga nesa.

Mali huɗu da ɗaya a Durban, ta huɗun Ahmed Musa,
Tsofaffin yaransa ne, ba abin da ya ɓuya masa.

10 ga Fabrairun 2013, Johannesburg, wasan ƙarshe da Burkina, minti na 40,
Mba ya tsallakar da ita, ya ɗirka da hagunsa.

El-Gohary na Masar kaɗai ya riga shi,
Ya ci kofin da ƙafa, ya sake ci da yaransa.

Hajiya Mai Rediyo:

Malam, a ƙara da CHAN ta 2014,
Gasar 'yan gida zalla, can ma ya yi rawar gani da gaskiya.

Maroko ta ci uku kafin hutun rabin lokaci,
Aka tashi huɗu da uku, ta tattara kaya.

Rabi'u Ali na Pillars na cikin masu farkewa,
Na uku muka zo, tagulla a wuya.

Kofin Duniya na Brazil kuma: Iran canjaras, Bosniya ta sha guda,
Da Ajantina, Musa biyu, Messi biyu, Rojo ya ƙara ɗaya.

Zagayen 'yan 16 ya kai mu a shekarar,
Kocin Afirka na farko a nan a Kofin Duniya.

Sarkin Musu:

Na yarda da kofin, Hajiya, ban ci haƙƙi,
Amma tsohon ciwon bai warke ba.

Kafin wasa da Faransa a Brazil, rigimar alawus ta tashi,
Yini guda 'yan wasa ba su fita atisaye ba.

Matuidi ya taka Onazi, Onazi ya fita da rauni,
Benci bai da wanda zai toshe kamarsa, ba a tanada ba.

Pogba da ka a minti na 79, Yobo ya ci gida,
Duka daga kwana, ku ce ba Luanda ce ta dawo ba.

A share fagen Kofin Afirka, Kongo ta ci mu uku da biyu a Kalaba,
A Khartoum Sudan ba ta raga mana ba.

Biyu da biyu da Afirka ta Kudu a Uyo,
Mai riƙe da kofi bai je gasar 2015 ba.

Ɗan Baya na Tudun Wada:

Yaya, batun kwana na ba ka gaskiya,
Gyaransa maimaici ne kullum, ba ya son ragwanci.

Mutum a sandar kusa, uku su tsare gaban raga,
Sauran kowa da nasa, a bi shi ba sassauci.

Gola in ya fito ya kira da ƙarfi, ya naushe nesa,
Taɓawa da yatsu ita ke jawo takaici.

Amma ka sa a ma'auni yadda ya yi aikin,
Watanni ba albashi, ga tsangwama da ƙunci.

Wasan Kalaba ba kwantiragi a hannunsa,
An sauke, an maido, a Yulin 2015 aka yanke hukunci.

Mai barin riga ya ɗau usur, ya rubuta uku:
Ranar albashi, ikon zaɓe, da tsawon lokaci.

Malam Na-Fagge:

Kun amsa tambayar, kowa da ɓangarensa,
Zaɓen mutane ya iya, kwana ta ƙi gyaruwa.

7 ga Yunin 2016 a Benin ya cika,
Yana da 54, Illah aka kai shi binnewa.

Kwana uku tsakani Amodu ya bi shi,
A garin Benin ɗin dai, Allah ya yi masa gafartawa.

Babban filin wasa na Asaba sunansa gare shi,
Can 'yan Delta ke zuwa kallo da bugawa.

Mako mai zuwa Shu'aibu Amodu za mu ɗauka, wanda ya ciwo wa Najeriya tikitin Kofin Duniya na 2002 da na 2010 amma bai ja tawagar ko sau ɗaya ba. Sarkin Musu, kai za ka buɗe.