Yaya ake gane inda bayanin VFS na Linux ya tsufa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Jos, ina koyar da ɗalibai yadda ake rubuta ƙaramin tsarin adana fayil a Linux. Darasin na gina shi a kan tsohon vfs.rst, fayil ɗin da ke bayanin VFS (sashen Linux da ke haɗa tsare-tsaren adana fayil daban-daban), sai ga shi kwamfuta ta ƙi haɗa aikin a kan sigar Linux ta 6.1. Kwana biyu ina fama kafin na gano tun siga ta 5.19 aka mayar da readpage, umarnin karanto bayanan fayil, zuwa read_folio.

Yanzu layi-layi nake gwada bayanin da ainihin lambobin Linux da ke cikin fayil ɗin include/linux/fs.h, wallahi idona ya gaji. Akwai wata manhaja da ke nuna inda suka saɓa? Kuma in na gyara vfs.rst, dole ne in taɓa sauran fayilolin bayani, wato locking.rst da porting.rst? Don Allah wanda ya taɓa aika irin wannan gyara ya nuna mini hanya.