Me ya sa sai an yi wa polima kwaskwarima kafin ta kai DNA cikin sel?

Binta_Famasi:
Salam jama'a, don Allah masana ku taimaka min. Ina karatu kan polima, wato sinadarai masu tsawo kamar sarƙa, da ake ɗora wa DNA ko magani su shiga cikin sel, abin da ya ɗaure min kai kowace takarda na buɗe sai in ga wai an manna mata wannan an ƙara mata wancan. To in polimar nan PEI (polyethylenimine) tana aiki tun asali, wahalar mene ne kuma?

Malam_Sani:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Tana aiki kam, tun 1995 masu bincike a Faransa suka nuna haka. DNA cajinsa nagatif ne saboda fosfet ɗin jikinsa, bangon sel ma nagatif, sai su ture juna. PEI kuwa cike take da amin, wato wasu sassa masu naitirojin da ke da caji fozitif, sai ta dunƙule DNA ya zama ɗan mitsitsin ƙulli, sel ya haɗiye shi cikin wata 'yar jaka da ake kira endosom. A nan ne ake cewa PEI na shanye asid ɗin jakar, ruwa ya yi ta shiga har ta kumbura ta fashe, kodayake masana na ta gardama kan wannan bayanin har yau. Matsalar ita ce cajin nan da ya ba ta ƙarfi shi ne kuma yake huda bangon sel ya kashe shi, musamman babbar nan mai rassa, mai nauyin 25 kDa (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), ga shi jiki ba ya iya narkar da ita.

Auwal99:
Ƙari a kan na Malam, cikin jini furotin ke manne wa ƙullin, hanta da saifa su kwashe shi tun bai je ko'ina ba. Shi ya sa ake lulluɓe shi da wata polima mai son ruwa da ake kira PEG, ya daɗe yana yawo. Amma fa in PEG ɗin ya yi yawa sel ma ya ƙi karɓarsa, wato an gudu ba a tsira ba.

Binta_Famasi:
Ikon Allah! To me zai hana a yi amfani da bairos kawai?

Malam_Sani:
Ana yi, kuma gaskiya ya fi polima iya shiga nesa ba kusa ba. Sai dai garkuwar jiki na iya tasar masa, kuma irin su AAV, wani ƙaramin bairos da ake wannan aikin da shi, ba sa ɗaukar DNA da tsawonsa ya wuce wajen kilobes 4.7 (kilobes ɗaya harufan DNA dubu ne). Ni dabarar da ta fi burge ni ita ce a ɗauki ƙananan PEI marasa dafi sosai a haɗa su da mahaɗin disalfaid, wato haɗin salfa biyu, a wajen sel suna riƙe DNA gam, da sun shiga ciki wani sinadari mai suna gulutatayon da ke cikin sel, wanda ya fi na jini yawa ninkin ba ninki, ya tsinke mahaɗin su saki kayan. Ki fara da wannan, sannan ki duba citosan, wata polima da ake samu daga ɓawon jatan lande, irin wanda aka ƙara wa ƙananan sassa uku da ake kira metil don ya narke a ruwan da ba shi da tsami.